Zaren da Hajiya Saudatu Ta Zaɓa wa Gorarta

Matso kusa, ka gyara zama, in ba ka labarin wata masunciya a garin da babu kogi. Eh, Makka nake nufi.

Hajiya Saudatu a unguwar Tandabawi aka haife ta, amma mahaifinta Basarke ne daga Yawuri, cikin mutanen nan da ruwa ne gonarsu. Da ya zo aikin hajji ya zauna, bai taho da komai na a-zo-a-gani ba sai wata siririyar gora ta fatsa. Duk sanda ya samu sarari sai ya ɗauki 'yarsa su tafi gaɓar teku a Shu'aiba, ya ɗaura gashin kaza a ƙugiya, ya wurga. Gashin kaza kuwa ba shi da nauyi, zaren ne ke kai shi cikin ruwa. A haka ta koya. Da ya rasu, 'yan'uwanta suka raba abin da ya bari, ita ta ce gorar kawai take so.

Ta yi aure, ta sayar da waina a bakin lungu, ta ga jikoki, gorar na nan. Zafin Makka ne ya cinye tsohon zaren, ya riƙa marmashewa a hannu.

Ɗanta Majid ne ke kai ta teku. Sunan mahaifinta ya ci, don haka Babana take kiransa. Shi ya kai ta wani kantin kayan su a Jidda, matarsa Manar na biye da su. Mai kanti ya kalli gorar, ya kalli Hajiya, ya jawo wani zare mai kauri.

"Ya Hajja, wannan ko raƙumi ya kama, zai jawo shi."

"Ni ba raƙumi na zo nema ba."

Ta sa aka ɗauko mata sirara. Kowanne sai ta zura shi a kan gorar, ta lilo shi a hankali tsakanin kantoci, ta karkata kai kamar mai sauraro. Wani ya yi wa gorar nauyi, har kanta na rawa. Wani bai ko motsa ta ba. Can ta samu wanda gorar ta lanƙwasa da shi ta miƙe da shi ba gardama. Ta sa aka ƙulla masa wani siririn tsilli, ɗan guntun zare, a baki, inda ƙugiya za ta zauna.

Majid ya ce, "Ummi, wannan ai ɗan kifin miya ma sai ya tsinka shi. Ki karɓi mai ƙarfin, ko in saya miki sandar zamani, mu rataye ta Kaka a falo."

"A rataye ta? Mutuwa ta yi?"

"Ta tsufa dai."

"Ni ma na tsufa. Nemo ƙusa biyu." Manar ta juya baya tana dariya. Hajiya ta ci gaba: "Babana, idan babban kifi ya ja, dole wani abu ya saki. In zaren ya ƙi, gorar ce za ta karye. Zare yana kanti. Ita fa, a ina zan samo ta?"

Ya ce shi dai ya gaji da wannan doguwar tafiya ana dawowa da bokiti ba komai. In aka sake haka, halas, shi ke nan, ba zai ƙara kai ta ba.

Ta ce, "Na ji."

Ran Asabar da hantsi suna Shu'aiba. Ta tattare abayarta, ta shiga ruwa zuwa ƙauri, ta wurga. Zaren ya tafi sumul, gashin kazan ya sauka ba ko fantsama. Ba a jima ba wani abu ya fizga. Gorar ta lanƙwashe har kanta ya kusa taɓa ruwa, Majid na ihu daga gaɓa: "Riƙe, Ummi! Ja shi!" Suka hango bayan kifin, ƙato, yana walƙiya. Sai ji suka yi tas! Tsillin ya tsinke, gorar ta miƙe.

"Kin gani? Wallahi da mai kaurin ne, da yanzu muna gashi."

Hajiya ta jawo gorar kusa. Ta bi gorar da yatsa gaɓa-gaɓa, daga gindi har kai. Ba tsaga ko ɗaya. Ta goge ta da gefen mayafi.

Majid kuwa ya cika maganarsa. Asabar ta zagayo, ya yi kwanciyarsa. Ƙarar mota ce ta tashe shi, ya leƙa ta taga: Manar ce a sitiyari, Hajiya a gefenta, kan gorar ya leƙo ta gilashin baya da jan ƙyalle a ɗaure.

"Ummi, ina zuwa?"

"Wajen wanda ya tafi min da ƙugiya. Koma barcinka, Babana."

Har yau Majid na cewa taurin kai ne ya hana su cin kifi ran nan. Ita kuwa cewa take babu abin da ta rasa. To kai da ka ji, da a hannunka gorar take, wane zare za ka ɗaura mata?