Tantanin da Baba Ya Ɗaura a Baibai

Shekara ashirin da biyu Baba Tantani ya yi a ɗakin gwajin ruwa, har aka manta sunansa na yanka. Aikinsa ɗaya ne: ya zuba narkakkiyar roba a kan gilashi, ya ja ta da wuƙa ta baje, ya tsoma a bahon ruwa, ta fito fara sol, ba ta fi ɓawon albasa kauri ba. Wannan shi ne tantani. A sa ruwan datti ta gefe ɗaya, ruwan gishiri mai ƙarfi ta ɗaya gefen, sai gishirin ya jawo ruwan ya ratso, dattin ya tsaya a baya.

Ya taɓa yi wa matarsa bayani. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wato ruwan da ba ya shayuwa kuke mayarwa wani ruwan da ba ya shayuwa." Ya ce cire gishirin aikin ɗakin gaba ne. Ta ce Allah ya taimaki ɗakin gaba.

Idan zai ja wuƙar yakan riƙe numfashi, kuma dole kowa a ɗakin ya riƙe nasa, har Dakta, shugabar wurin, da digirinta uku. Duk shekarun nan haɗin robar da wasu suka ƙirƙiro yake zubawa. Da ritayarsa ta rage wata guda, ya roƙi Dakta ta bar shi ya gwada haɗin kansa. Ta ce sau ɗaya tak: in ya yi kyau da shi za a ci gaba, in bai yi ba a manta da zancen.

Ran Litinin da safe ya ɗaura tantaninsa a akwatin gwaji. Akwai siririn bututun gilashi da ke nuna hawan ruwa, kuma tantanin da ya fi kowanne bai taɓa wuce layi huɗu a awa ba. Na Baba ya hau tara.

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Tara dai. Mutumin da rabonsa da gudu tun kafin ya yi aure, sai ga shi yana haɗa matakala bibbiyu. Ya gaisa da kowa sau biyu, har da wanda ya kawo tukunyar gas. Mai shara ta yi rawa da tsintsiya ba tare da ta tambayi dalili ba. Ya kira gida.

"Maman yara, tara."

"Tara me?"

"Tara dai."

"Madalla. Ka taho da burodi."

Da rana hawan ya koma shida, ya koma uku, ya tsaya cik. Dakta ta kwance akwatin, sai ga tantanin a baibai. Tantani fuska biyu gare shi, mai santsi da mai kaushi kamar soso. Mai santsin ake juya wa datti don ya zame. In aka juya baibai ruwa yakan yi gudu da farko, sannan datti ya cushe soson. Babu ɗalibin da ya ratsa ɗakin nan Baba bai ja masa kunne a kan wannan ba.

"Baba, wa ya ɗaura wannan?"

"Wani tsoho ne, Dakta. Ya kusa tafiya, ki yi haƙuri da shi."

"Sau ɗaya na ce."

"Haka kika ce."

Ta juya tantanin a hannu, ta dube shi. "To, wannan ba haɗin muka gwada ba, tsohon muka gwada, kuma ya faɗi. Akwai saura?"

Akwai yanki ɗaya jiƙe a firij. Ita ta ɗaura da hannunta, Baba na tsaye a kanta yana gaya mata wace fuska ce mai santsi. Ruwa ya hau layi biyar. Washegari biyar. Ya kwana goma sha ɗaya bai cushe ba.

Haɗin Baba ake zubawa a ɗakin har yau, kuma biyar aka rubuta a takarda. A unguwa kuwa, tara yake faɗa. Wata shida bayan ritayarsa, an ji lambar ta kai goma sha biyu a bakinsa.