Ƙullin da Kuwabara Ya Tsaya Ya Duba

Duk ranar Laraba, kafin ƙarfe takwas, za ka ji motar Kuwabara Shigeo, mai kwasar tsofaffin takardu, tana hawo tudun unguwarmu. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Yakan diro da tawul a wuya, ya kwashi ƙunshin jaridu daban, kwalaye daban, kwalin madara da aka wanke aka tsaga aka shanya shi ma daban. Wanda ya cusa takarda mai maiƙo, sai ya manna masa 'yar takarda rawaya, ya bar masa kayansa a bakin titi kowa ya gani. Ni kaina sau biyu na sha wannan kunyar, kuma gaskiyarsa ce.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Karatuna bai yi nisa ba, amma na ce ba zai tafi shiru ba.

Kuwabara ya san kowane gida da irin ƙullinsa. A cikinmu kuwa babu mai ɗauri kamar Kaka Nagase, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a bene na uku. Igiyarta a giciye, tamau, sai ka ce kyauta za ta kai gidan biki. Takan leƙo ta taga ta tsokane shi da sunan wasa:

"Shige-chan, wannan tumbin naka da jarida za a haɗa shi ko da kwali?"

"Ba za su karɓa ba, Kaka, ya riga ya yi maiƙo."

A watan Fabrairun bana ya tarar da ƙunshinta a sake, ƙulli ɗaya a karkace, jaridu na zamewa. Direbansa, Moriya, ya miƙo masa takarda rawaya yana dariya.

"Manna mata. Yau uwar tsabta ta shigo hannu. Yi sauri, titi tara ke gabanmu."

Kuwabara ya tsuguna ya daɗe yana juya ƙullin. Ya ce, "Hannu ɗaya ne ya ɗaura wannan."

A wurinmu ba a buga ƙofar mutum haka siddan, balle mai kwasar takardu a bakin aikinsa. Ya hau benen ya buga. Da ƙyar ta buɗe, bakinta ya karkace, hannun dama yana lilo, maganarta tana harɗewa. Yau da sunan girmamawa ta kira shi.

"Kuwabara-san, ka gafarce ni da ɗaurin nan. Kada ka kira kowa, maƙwabta za su taru."

"Su taru, Kaka. Kya zage ni daga baya."

Ya kira motar asibiti, ya riƙe ta har suka iso. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce ta fara kama ta. Da ta kai tsakar rana a haka, da wani labarin ake yi. Yanzu tana gida, tana takawa da sanda, bakinta ya dawo. Zagin ma ya sha shi, a gabana.

Kai ne, Kuwabara, ka mutunta abin da muka zubar, har ka ga mai shi a jikinsa. Na gaba da kai sun yi maka faɗa kan jinkirin ranar, ka sunkuya ka ba da haƙuri, ba ka faɗi dalili ba. To ni na faɗa. Mun gode, dattijon arziki.

Ku kuma 'yan unguwa, masu gaggawar ƙorafi kan kayan maƙwabci, ku ji ni da kyau. Ranar da kuka ga mai tsabta ya yi ɓarna, kada ku tsaya gulma a bakin titi. Ku hau ku buga ƙofa.