Baba Waƙafi da Hannuna na Hagu

Da hantsin Laraba, sha bakwai ga watan nan, mai karɓar baƙi ta leƙo ɗakin marubuta, ta tsaya a bakin ƙofa. Ganin idonta ya ishe mu. Allah Ya karɓi ran shugaban sashenmu, wanda kowa ke kira Baba Waƙafi, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Na Allah ne mu duka, gare Shi za mu koma.

Baba, mu muka laƙaba maka sunan nan, don ba a taɓa miƙa maka shafi ka mayar da shi ba ka taɓa waƙafinsa ba. Aikin sashenmu rubuta littattafan da ke nuna wa masu gyara yadda ake harhaɗa injinan famfon ruwa na kamfaninmu. Kakan ce in waƙafi guda ya zauna inda ba wurinsa ba, sai wani ya kunna wuta kafin ya ɗaure waya.

Ni asalina mai harhaɗa inji ne, har ranar da bel ɗin inji ya kama mini hannun dama, ya bar ni da yatsun da ba sa lanƙwasuwa. Da na dawo daga asibiti, maganar sallamata ake yi, ga matata da tsohon ciki. Kai ka shiga wurin manaja ka ce, "Ku ba ni shi. Hannu ya rasa, kansa yana nan."

A sashenmu tsurar rubutu ake yi, ana sa masa alamomi. Wata alama a farkon layi tana nufin kanu ne, taurari biyu suna nufin a kaurara kalma, sai kwamfuta ta bi alamomin ta fitar da littafi. To yawancinsu sai an danna maɓalli biyu tare, ɗaya nan, ɗaya can. Ranar farko na yi ta fama har azahar, ban cika rabin shafi ba. Na ce, "Baba, bar ni in tafi, kar in ja maka magana." Ka ce, "Zauna. Manhajar ce ba ta san ka ba tukuna. Kawo kwamfutar nan."

Da ka dawo mini da ita, komai ya sauya. Ka tattaro alamomin duka ƙarƙashin yatsuna na hagu. In na buga 'yan haruffa, sai akwatin gargaɗi ya fito a shirye. Haruffa masu lanƙwasa ka ba kowanne maɓallinsa. Ka raba fuskar kwamfutar biyu, ina rubutu a nan ina ganin shafin da zai fita a can. Har sunayen sassan inji ka koya wa mai duba ƙa'idar rubutu na kwamfutar, don ya daina ja musu jan layi. Sannan ka jawo kujera ka zauna kusa da ni kana kallon yatsuna, inda duk na yi tuntuɓe ka sake gyarawa.

Sai a wurin zaman makoki Umma, mai ɗakinka, ta gaya mini sauran. Ta ce a wancan lokacin ta sha tarar da kai a teburi bayan la'asar, hannun dama a aljihu, kana buga rubutu da hagu kana gumi. Hankalinta ya tashi, ta zaci shanyewar ɓarin jiki ce. Ka ce mata, "Lafiyata ƙalau. Ba zan ba bawan Allahn nan abin da ban gwada ba." Ta faɗa tana dariya, dariyar ta koma kuka.

Ba ka taɓa tausaya mini a kan aiki ba, kuma wannan ma alheri ne. Shafina kake mayarwa kamar na kowa, wani lokacin fiye da na kowa. Da na je duba ka a asibiti, ka rame, murya ta dushe, amma littafin sabon famfo ka fara tambaya. Na nuna maka a waya. Ka daɗe kana dubawa, ka ce, "Mayar da gargaɗin kashe wuta sama. Mai gyara ba ya karanta ƙasan shafi." Na mayar, Baba. Littafin ya fito, ba ka gan shi ba.

Tabaranka yana kan teburi, an rasa mai ɗaga shi.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya ba ka littafinka a hannun dama. Ya sa ruwan da ake sha ta dalilin rubutunka ya zame maka sadaka mai gudana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Umma da 'ya'yanka da jikoki, da abokan aikinmu, da tsohuwar mahaifiyarka, wadda mantuwa ta kama, har jiya take tambayar ko ka dawo daga aiki. Allah Ya ba su haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.