Fuskar Kure a Madubin Mota

Da faɗa na san Kure. Shekarar da gwamnati ta kwaso kujerarta daga Ikko ta dire a Abuja, ina sayar da tuwo a bakin tashar Eriya Wan ta Garki. Gari duk jar ƙasa da rugugin tifa, kowa baƙo, kowa na sauri kamar an ce kafin la'asar za a gama rabon garin. Rannan da hantsi na gama kaɗa miyar kuka ke nan, sai wata tsohuwar Fijo ta yo ribas ta take mini murhu. Tukunya ta kife, miya ta bi ƙasa. Direban ya fito, dogo, ido jajur, ga wani tabo tun daga gefen ido har haɓa. Mazan da suka taso ma sai da suka ɗan ja baya. Ni ban ja ba. Na wanke shi tas, na haɗa da wanda ya koya masa tuƙi da wanda ya sayar masa da motar. Yana ta "Mama, yi haƙuri, birki ne ya ƙi," ni kuwa na ɗaga ludayi na rantse da Allah, tasha na ji, cewa ƙafata ba za ta taɓa shiga motarsa ba ko ita kaɗai ta rage a duniya.

Washegari na tarar an kafa mini sabon murhu da duwatsun da ya kwaso daga wurin wani gini, ga ɗaurin itace a gefe. Na ce masa duwatsun sun karkace. Ya gyara. Na ce yanzu suka fi karkacewa. Ya yi dariya, ya ce a zuba masa tuwo. Daga ranar, kusan shekara talatin, a tukunyata yake ci.

A tsaye yake ci. Wannan shi ne Kure. Kwano a hannu ɗaya, ido a kan mota, inji na kunne, ƙafa na rawa kamar mai taka keken ɗinki. Na sha ce masa benci ba ya cizo, sai ya ce in ya zauna wani zai ɗauke masa fasinja. Mutumin kudancin Kaduna ne, ya shigo yana yaron mota, a nan fankar inji ta sare shi ta bar masa tabon nan. Fuskar ɗan fashi, zuciyar tunkiya. Matan kasuwa sun gane shi da wuri. Sai mace ta damƙa masa 'yarta da kayanta ta ce a sauke su Gwagwalada, ta juya ba ta ko waiwaya. Ba shi da gida mai suna, ba shi da motar a-zo-a-gani. Yardar nan ta mutane ita ce duk abin da ya tara.

Garin kuma bai bar mu mun zauna ba. Aka tashe mu daga Eriya Wan muka koma Wuse, aka tashe mu daga Wuse muka faɗo Utako. Ni da tukwanena a motar wani, shi yana biye yana yi mini hon, yana cewa ga wuri a gaba. Ina cewa ya wuce da akwalarsa. A tsakanin nan matarsa ta rasu ta bar masa yarinya ƙarama, Monica. A tsakanin nan ne kuma masu rusau suka shiga Karmo, inda ya gina ɗaki ciki da falo da hannunsa. Ya je ɗaukar fasinjan safe, ya dawo ya tarar da katafila ta wuce, Monica na zaune a kan katifa a tsakiyar ɓaraguzai. Bai taɓa ba ni labarin ranar ba. Wurin maƙwabta na ji. Bayan nan ya sami ɗan fili a Yangoji, can wajen Kwali, inda katafila ba ta san hanya ba tukuna.

Monica a gindin tukwanena ta girma, Kaka take ce mini. Ta yi karatu har jami'a, tana koyon shirya fim. A shekararta ta ƙarshe aka ce kowace ƙungiya ta kawo farkon fim mai tayar da hankali, ɗan gajere, irin wanda mai kallo zai manta da lomar da ke hannunsa. A kan bencina suka shirya shi, ita da Hafizu mai riƙe kyamara da wani Godspower mai surutu. Kwana da kwanaki suna zuwa, su sayi kwano ɗaya su cinye mini inuwa. Su zana mota a bayan kwali, su goge, su sake. Hafizu ya ce hasken hantsi, Monica ta ce na la'asar. Godspower ya ce a sa jini, Monica ta ce jini na ragwaye ne.

Abin da suka tsaya a kai shi ne 'yan wan-cans, ɓarayin nan da ke yawo da motar haya, wasu su zauna kamar fasinjoji, in ka shiga a kulle ƙofa. Lokacin ba wanda bai san wani da aka yi wa ba. Monica ta ce ba kiɗa, ba rubutun sunaye, hoton ma ya riƙa rawa, kamar fasinja ce ta ɗauka a ɓoye da wayarta. Ita za ta zama fasinjar, amma ba za a ga fuskarta ba, sai hannunta da muryarta. A fara da mota tana tahowa, ta tsaya, a shiga, a yi tafiya kaɗan, ta ce za ta sauka. Direba ya dube ta ta madubi, ya danna makulli. Shi ke nan, allo ya yi baƙi. Malaminsu wai ya ce in mai kallo ya tuna fim yake kallo, sun faɗi.

Mota kuwa ta uban Monica za a ara. Fijo ta daɗe da mutuwa, lokacin wata Golf yake ja, da rubutu a gilashin baya, Ubangiji Makiyayina. Godspower ne direba, don ya ce tun yana sakandare yake tuƙi.

Ban je wurin ɗaukar ba, ina da tukunya a wuta, amma Monica ta ba ni labarin har na haddace. Wata hanya suka samu a bayan kasuwar Utako. Godspower ya shiga, mota ta yi tsalle ta mutu. Ya sake, ta sake. Kuloci ya fara ƙauri. Kure na gefen titi yana kai da kawowa, yana riƙe kai, ga yinin aiki na tafiya. Can ya buɗe ƙofa ya ce, "Sauko, ɗana, kafin ka kashe mini abinci." Ya zauna a sitiyari ya ce su yi sauri.

Sai dai Kure ba ya iya ɓata rai in an ce ya ɓata. Da ya dubi madubi ya ga 'yarsa, sai dariya. Aka sake, dariya. Rana na sauka, Hafizu na cewa haske zai tafi. Monica ta sunkuyo daga kujerar baya ta ce masa a hankali, "Baba, tuna ranar Karmo."

Dariyarsa ta ɗauke. Suka fara daga farko. Da ta ce direba zan sauka, ya ɗago ido ya dubi madubin, ya danna makulli, ya ce, "Ba a sauka a nan."

Da yamma suka kawo mini na gani a waya. Na san mutumin nan tun gashinsa na baƙi, amma sai da tsikar jikina ta tashi. Na miƙa musu wayarsu na ce tuwo ya ƙare.

Hafizu, don murna, ya tura wa 'yan ajinsu. Daga nan ba wanda ya san hanyar da ya bi. Kafin sati ya zagayo, wata mai sayen tuwo ta nuna mini shi a wasaf. An ɗora masa muryar wani mutum yana cewa jama'a a yi hattara, ga fuskar shugaban 'yan wan-cans na Utako, ga lambar motarsa, ga rubutun gilashinsa, yarinyar da ta ɗauki hoton har yau ba a gan ta ba. Yarinyar kuwa tana kan bencina tana suɗe kwano. Na nuna ta na ce ga ta nan. Matar ta dubi Monica, ta dubi waya, ta ce ai ba a ga fuska ba. Ta tura wa 'yan cocinsu ina tsaye.

Da farko dariya aka yi a tasha, direbobi na kiransa oga wan-cans. Dariyar ba ta daɗe ba. Fasinja zai sa ƙafa ɗaya a mota, ya haɗa ido da shi, ya tuna ya yi mantuwa. Matan da ke ba shi 'ya'yansu suka koma gaishe shi daga nesa. Ba wai sun yarda ba ne, in ji su, amma zamani ya lalace. Ya sa hula ya ja ta har gira. Ya kankare rubutun gilashi da reza. Tabo dai ba ya kankaruwa. Sai na riƙa ganinsa yana zagaya motar, ya goge nan, ya buɗe but ɗin baya ya rufe, ya zo ya karɓi kwano ya ajiye bai taɓa ba.

Rannan a wajen Jabi wata mata ta gan shi a cunkoso ta fasa ihu. Mutane suka taru, aka fasa gilashi, har wani ya tafi neman tayar da za a ƙona shi da ita. Allah ya sa Ɗangoggo, ciyaman ɗin tasharmu, yana bayansa da direbobi, su suka janye shi da rigarsa a yage. Aka je ofishin 'yan sanda, su Monica suka kai duk abin da suka ɗauka, har wuraren da yake ƙyalƙyala dariya, aka sallame shi. Suka kuma yi wani hoton, Monica ta tsaya gefen ubanta ta yi bayani da Hausa da Turanci. Masu cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya ba su san waya ba. Na farkon ya kai Kano ya kai Fatakwal, na bayanin ko gadar Mabushi bai haura ba. Ɗangoggo da kansa ya ce ya san Kure fes yake, amma in yana lodi layin gaba ɗaya ke watsewa, direbobi sun fara ƙorafi.

Monica ta rame. Ta zo ta ce za ta goge fim ɗin, ta haƙura da shekarar, ta maimaita. Ranar ce na fara ganin Kure ya zauna a bencina. Ƙafar dai na rawa.

"In kin goge naki, na wayoyin mutane fa?" ya ce mata. "Fuskata ta riga ta tafi. Kar ki bar ni na yi asara biyu. Kai wa malamanku."

Ta kai. Nasu ne ya fi na kowa, aka tafa musu. Malamin wai har ya tambayi inda suka samo ɗan wasa irin wannan.

Kure ya sami mai sayen motar, wani mai kai kayan gwari. Ya ce zai koma Yangoji ya yi doya. Ranar da zai miƙa makulli da yamma, ya shigo tasha tun da safe ya roƙi Ɗangoggo a bar shi ya yi lodin ƙarshe. Ya buɗe ƙofofi, inji na kunne, yana kiran Gwagwa, Karmo, Gwagwa. Hantsi ya yi, azahar ta yi. Motocin bayansa na cika suna zagaye shi suna fita. Muryarsa ta dushe bai daina kira ba.

Na rufe tukunya, na ce wa maƙwabciyata ta duba mini. Na yafa gyale, na bi ta tsakiyar tasha a hankali don kowa ya gani, na shiga gidan gaba na ja ƙofa. Tsofaffin direbobi da suka san rantsuwata suka miƙe tsaye. Ɗangoggo ya ce, Hajiya, rantsuwar fa? Na ce kaffararta ciyar da miskinai goma, ni kuwa miskinan tashar nan na fi shekara ashirin ina ciyar da su, har da shi. Wasu mata biyu 'yan kasuwa suka dubi juna, suka shigo baya. Ɗayar ba ta saki hannun ƙofa ba har ta sauka.

Shigar tawa ba ta sauya komai ba, an riga an sayar da mota. Da yamma ya miƙa makulli ya tafi Yangoji, ban kuma sake sa shi a ido ba. Monica ce ke kawo mini doya da labari. Ta ce kunyar gonarsa ta fi ta kowa tsawo, don ba ya iya tsayawa, kuma har yau a tsaye yake cin abinci. In ya ji mota ta wuce a babban titi, sai ya ɗago ya faɗi abin da ke damun injinta.

A tafiyar nan tamu ta ranar ƙarshe idonsa na kan titi kawai. Bai ko dubi madubi ba, ya juyar da shi sama. Ya sauke matan, ya kai ni har ƙofar gidana a Gwagwa, cikin lungu, inda jikokina suka kife tukwanen da suka wanke a bakin hanya. Na fito ina dafa gwiwa. Sai ya leƙo ta taga ya ce, "Mama, ba ki ji tsoro ba?"

Na ce, "Na ji mana. Tsoron tuƙinka, ba na fuskarka ba. Gyara madubin nan ka yi ribas a hankali, akwai tukwane a bayanka."