Na Sayi Gidan, Ban Sayi Kukar Ba

Shekarun baya, tun Turawa na ƙasar nan, lokacin da gyaɗa ke da daraja, na taɓa jefa kaina cikin sana'ar sayen kango a gyara a sayar. Ina saurayi a lokacin, ɗan manomi daga Kusada, kaina cike da dabarun da ban gwada ko ɗaya ba. Kankia kuwa tana ta cika da baƙi, malaman gyaɗa da ma'aikatan En'e da 'yan tireda, kowa na neman inda zai ajiye iyali. Wani abokina ya sayi rusasshen gida, ya yi masa yaɓe, ya sayar, sai ga shi bisa sabon keke yana kaɗa mana ƙararrawa. Wannan keken shi ya hana ni sakat.

Ba ni da wani jari sai shanun huɗa biyu na gidanmu. Bayan kaka na zauna gaban mahaifina na yi ta tsara masa magana har ya gaji da ni. Ya ce, "Tahi ka kai su kasuwa. Amma ruwan hwari shi iske wasu bisa turke, in ba haka ba kai zan ɗaura ma garma." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma na san rabin maganar ba wasa ba ne. Gonarmu ta fi ƙarfin noman hannu. In damina ta faɗi ba shanu, abincin gidanmu na shekara ne na yi wasa da shi.

Na sayar da shanun, na samu gida a Kankia, na wasu magada da suka koma Tafashiya. Duk abin da abokina ya koya mini na yi. Na ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya don in ji ko gara ta cinye cikinta. Na durƙusa na duba gindin katanga. Na bi rariya har waje na ga inda ruwan damina ke bi, na tabbata ba ɗakin maƙwabci yake nufa ba. Har yau ina gaya wa yara su yi waɗannan, don ba su taɓa ba ni kunya ba. Akwai wata bishiyar kuka a tsakar gidan, tsirara ba ganye saboda rani. Kallo ɗaya na yi mata, a raina na ce nan zan tayar da ɗaki.

Ranar ciniki mai unguwa ya dube ni ya ce, "Ka dai sani ƙasa ba a sai da ta. Gini ka saya, da azara, da ƙyaure. Akwai abin da kake son tambaya?" Na gyara zama irin na wanda ya daɗe a harka, na ce, "Babu, ranka shi daɗe."

Aiki ya yi kyau, ba yabon kai ba. Ban ɓata ƙarfina a ƙuryar ɗaki ba, zaure na fi ba muhimmanci, don shi ido ke fara gani. Aka yi yaɓe, aka shafe shi da makuba ta ɓawon ɗorawa, aka sa sabon indararo. Har wani malamin gyaɗa ya zo ya zagaya, ya ce in na ƙara ɗaki ɗaya gidan nasa ne. Sai na ɗauko mai gatari.

Mai gatari ya tuɓe riga ke nan muka ji sallama. Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, da ƙwarya a ka da doguwar gora mai ƙugiya. Ta wuce mu kamar ba ta gan mu ba, ta ajiye ƙwarya a gindin kukar, sannan ta juyo.

"Wanga da gatari, mi za shi yi?"

Na ce, "Inna, gidan na saya, zan sare in yi ɗaki."

Ta ce, "To madalla, Allah shi sa albarka. Da ka sayi gidan, wa ya sai maka da iccen?"

Na yi dariya. Mai gatari bai yi ba, rigarsa ya mayar. Muka ɗunguma wurin mai unguwa, ina gaba ina huci, tana baya tana gaisawa da mutane. Ashe gwaggon magadan ce, tana aure a Bauranya. Da aka raba gadon mahaifinta, ɗan'uwanta ya ɗauki gida, ita kuma kukar ta faɗo a rabonta, kuma duk unguwar an sani. Da rani ta zo ta kaɗe 'ya'ya, da damina ta zo ta ɗebi ganye. Na ce wa mai unguwa me ya sa bai gaya mini ba. Ya ce, "Na tambaye ka ko kana da tambaya."

Na nemi ta sayar mini, ta ƙi. Na ƙara, ta ƙi. Ta ce mahaifiyarta ce ta dasa ta shekarar da aka haife ta, kuma cibiyarta na gindinta. Malamin gyaɗa da ya ji labari ya ce shi ba zai sayi gidan da wata ke da ikon shiga da gora duk sanda ta ga dama ba. Waɗanda suka zo bayansa ma haka.

Zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa daga gabas. A gida duk sanda na shigo sai mahaifina ya ɗaga kai ya kalli turken da ba kowa, ya ci gaba da abin da yake yi. Wallahi na fi son ya zage ni. Mahaifiyata kuwa cewa take, "Sannu da zuwa, mai gidaje." Wata safiya na shiga gidan na Kankia na ga kukar ta fara toho, kuma duk ɗan manomi ya san abin da wannan ke nufi: damina ta ƙarato. Na zauna a gindinta, tsoro ya kama ni sosai.

A nan tsohuwar ta same ni. Ta ce, "Ɗan nan, mi ya same ka ka rame haka?" Ban yi niyyar faɗa ba, amma sai na ji bakina na zuba, har zancen garmar da za a ɗaura mini. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta gama ta ce, "Kai da ka zo da gatari, da ka zo da wagga magana ai da tuni an wuce wurin. Kai maza kake bi. Gida kuwa mata ka zaɓe nai."

Ashe tana shiga gidajen kulle da tallan garin kuka da daddawa, ta san wadda ke cikin matsi da wadda ke son tashi. Ba a daɗe ba ta zo mini da wani malamin asibiti da aka kawo daga nesa, wanda matarsa ba ta san kowa a garin ba, kullum tana zaune ita kaɗai. Tsohuwar ba ta ɓoye komai ba. A gabana ta ce masa, "Iccen nau ne, kuma zan riƙa zuwa. Iyalinka ta samu inuwa, ta samu miya, ta samu uwa." Malamin ya ce abin da yake nema ke nan. Da ya so ya rage farashi, ita ta hana, ni ina tsaye kamar ɗan rakiya.

Da kuɗin gidan na sayi shanu ana saura kaɗan ruwa ya sauka. Ɗaya daga ciki malalaci ne na gaske, mahaifina ya sa masa suna Dillali don ya tsokane ni. Keke kuwa sai bayan shekaru.

Tun daga nan ban ƙara sayen gida ba sai na tsaya gaban mai unguwa da maƙwabta na nuna komai da yatsa: rijiyar nan ta wa, bishiyar nan ta wa, wa ke da hanya ta nan, wace katanga ce ta haɗaka. Kuma abin da na tarar a gida ba na gaggawar kawar da shi, don wani lokacin shi mai saye ke nema. In akwai wani abu a kan gidan, da bakina nake faɗa wa mai saye tun kafin ya ji a waje.

Da tsohuwar ta ji jiki ya yi nauyi, ta aika aka kira ni Bauranya, ta sa aka kira shaidu. Ta ce ta ba ni kukar kyauta, don ɗiyanta suna iya sayar wa mai gatari, ni kuwa na riga na sha wahalarta. Na yi hawaye a wurin, ban ji kunya ba.

Gidan ya sauya hannu sau da dama, ya koma siminti da kwano, kuma kowane mai saye sai ya ji cewa wani mutumin Kusada ke da bishiyar tsakar gida. Na ƙarshensu wani yaro ne mai irin kaina na da, ya saya zai gyara ya sayar. Aka gaya mini ya kawo masu injin yanka. Na sa aka kai ni, na shiga da sandata da ɗan buhuna, na wuce su na ajiye buhun a gindinta.

Ya ce, "Baba, lafiya? Gidan na saya."

Na ce, "Madalla, Allah shi sa albarka. Da ka sayi gidan, wa ya sai maka da iccen?"