Shekarar da Aka Sauya wa Filin Ɗorawa Suna

Babu jarrabawar da ta kai wa al'umma tsanani kamar a tambaye ta sunan da za a sa wa fili. Yaƙi yakan haɗa kan mutane, fari ma haka, amma suna raba su yake yi gida-gida. A shekarun da na yi ina koyar da tarihi na lura cewa daula ba ta faɗuwa rana ɗaya, sai an fara taɓa sunayen wurarenta tukuna. Saboda haka ranar da labari ya iso majalisarmu cewa za a sauya wa Filin Ɗorawa suna, na kashe rediyona, na gyara zaman hula, na ce wa abokan zama su shirya, abin ya zo kanmu.

Ga wanda bai san unguwarmu ta Birnin Kudu ba, Filin Ɗorawa wani wuri ne da hukuma ta taɓa yi wa laƙabi da wurin shaƙatawa. Dalbejiya ce a jere, da bencinan siminti da suka tsattsage, da lilon yara wanda ƙarafansa kaɗai suka rage ana ɗaure awaki. Ɗorawa kuwa babu ko ɗaya. Kakana ne ya ce ya ga kututturenta. A nan mu tsofaffin ma'aikata muke zama bayan la'asar, mu gyara duniya tsaf, a kira magariba mu bar ta yadda muka same ta.

Wanda za a sa wa filin sunansa ɗan kokawa ne, ɗan unguwar, wanda ya kayar da maza a Kano da Sakkwato har da ƙasar Nijar, aka kuma nuna shi a talabijin. Ni na koyar da shi a firamare, kuma zan iya shaida cewa lissafi bai taɓa faɗuwa a hannunsa ba. Allah ya karɓi abinsa yana da sauran ƙarfinsa, bayan 'yar gajeriyar jinya. An yi kuka na gaske. Gidansu yana kallon filin ƙofa da ƙofa, kuma mahaifiyarsa, wadda kowa ke ce wa Inna, tana nan da ranta tana sayar da daddawa a zaure.

Ba marigayin nake zargi ba, wanda ya kawo shawarar nake zargi. Wani matashin Alhaji ne ɗan kwangila, wanda a wannan shekarar ya fara halartar jana'izar mutanen da bai sani ba. A garinmu wannan ciwo alamarsa ɗaya ce, kujera mutum yake nema. Na bayyana wa majalisa yadda abin zai tafi: a sa suna, suna ya nemi allo, allo ya nemi katanga don kada yara su ɓata shi, katanga ta nemi ƙofa da maigadi, daga nan sai a wayi gari shaguna sun tsiro a inda muke shimfiɗa buzu.

Abokina, tsohon malamin gona, wanda muka fi shekara talatin muna musu, ya dube ni ya ce, "Malam, tarihi kake karewa ko benci?"

Na ce, "Tarihin ai a kan benci ake ba da shi."

Ya ce shi kam yana zargina ne da haushin yaron ya yi suna ba ta hanyar littafi ba. Ni kuma na soma zarginsa da cewa Alhaji ya yi masa alkawarin wani abu, don a makon nan na ga ya sauya takalmi.

Kafin wata ya zagayo unguwa ta rabu biyu. Sunan filin ya zama kamar hular jam'iyya. Idan ka ce Filin Ɗorawa, an san kana tare da mu, sai a ce ba ka ƙaunar marigayi. Idan ka kira sabon suna, yaron Alhaji ne kai. Mai shayi ya koma cewa "can wajen" yana nuni da ludayi, don a ɓangarorin biyu yake da masu shan shayi.

Ana cikin haka sai ga mutanen Basirka, daga ƙasar Gwaram, cike da bas, sun zo taron da mai unguwa ya kira a filin. Dattijonsu, wanda kawun marigayin ne, ya miƙe ya ce ba rigima ta kawo su ba, tunatarwa suka zo yi. Yaron nasu ne. A Basirka aka haife shi, domin uwarsa gida ta koma goyon ciki kamar yadda ake yi a haihuwar fari, can aka yi wanka, can aka yi suna.

"Cibiyarsa tana bayan ɗakin kakarsa," in ji shi. "Idan fili za a sa wa suna, mu ma Allah bai hana mu fili ba."

Wani daga can bayan taro ya ce, "To Baba, ku sa wa bayan ɗakin mana!"

Aka yi dariya, dattijon ma ya yi. Ni ban yi ba, ina lissafin wa ya cika musu bas ɗin da mai.

A wannan taron ne Alhaji ya fito da abin da yake ganin zai kashe bakin kowa. Ya ce ranar buɗewa ba shi zai sanar da suna ba, ba mai unguwa ba, ba wani babba daga Dutse ba. Inna da kanta za a miƙa wa lasifika ta faɗi sunan ɗanta, duniya ta ji. Matasa suka yi tafi. Na ga wasu dattawa sun sunkuyar da kai, amma na ɗauka barci ne, don taron ya yi tsawo.

Washegari Inna ta aika wa mai unguwa cewa ta gode, amma ba za ta riƙe lasifika ba, kuma da za a ji tata, da an bar filin da sunansa na da.

Nan fa zargi ya samu abinci. 'Yan Alhaji suka ce mutanen Basirka ne suka zuga ta, ai 'yan'uwanta ne. Mutanen Basirka, kamar yadda muka ji daga 'yan kasuwa, suka ce mu tsofaffin benci ne muka kewaye ta. Wasu suka ce kujerar Makka take so a fara ba ta. Wata mata ta rantse wa maiɗakina cewa dama uwa da ɗa ba su rabu lafiya ba, shaida kuwa, ko a zaman makoki ba wanda ya ji ta ambace shi. Ni dai ban san dalilinta ba, amma na san ta faɗo ɓangarenmu, kuma majalisa ta wakilta ni in je in ji inda ta dosa.

Na same ta a zaure tana jera daddawa a faifai. Na durƙusa muka gaisa, na yi mata ya haƙuri, ta ce da godiya. Na yi ta kewaye-kewaye kan tarihi da gadon kakanni, tana saurare tana korar ƙuda. Da ta ga ba ni da niyyar sauka, sai ta sauke ni.

"Malam, kai ka koyar da yaron nan. Na sha zuwa makaranta in an kore shi. Ka taɓa jin na kira shi?"

Na tsaya na tuna. "Yaron nan" take cewa, ko "wancan", ko ta yi nuni da haɓa.

Ta ce, "Ɗan fari ne. Yana raye ban kama sunansa ba, sai yanzu da yake kwance a ba ni lasifika? Wannan ma mai sauƙi ne, na ce ba na yi. Amma ni duk mako ina zuwa Sara sayen kalwa. In na sauka a tasha da kayana, ɗan acaɓa ya ce, Inna ina za a kai ki, in ce masa me? In faɗi sabon, bakina ba zai iya ba. In faɗi tsohon, yadda kuka mayar da shi, a ce uwa ta ƙi ɗanta. Ƙofar gidana ce fa, Malam."

Wannan al'ada ba baƙuwa ba ce a wurina. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran yayana da sunansa ba. Kuma duk musun da aka yi da mutanen Basirka a kan haihuwar fari aka yi shi, a gaban kowa. Amma a shekarar da ake neman kujera, dalili irin wannan ya yi arha da yawa. Na matsa kusa, na rage murya.

"To Inna, ban da wannan fa?"

"Ban da wannan me?"

"Na ji an ce mutanen Basirka sun biyo ta nan."

"Sun biyo. Sun ci tuwo sun tafi. Ɗan'uwana ya zo garin nan ya wuce ƙofata?"

"Alhaji fa, bai aiko da komai ba?"

"Ya aiko a saya masa daddawa. Kai ma in saye za ka yi, ka zaɓa, in gaisuwa ce ta kai."

Na saya, na koma majalisa na ba da rahoto. Malamin gona ya girgiza kai, ya ce, "Tsohuwar nan ta iya siyasa." Babu wanda ya yarda cewa maganar ta ƙare a inda ta ƙare. Wani ya ce in da gaske kunya ce, me ya sa ba ta faɗa tun farko ba? Na ce wataƙila don kunya ce. Aka ce ni ma ta saye ni da daddawa.

A taro na ƙarshe na miƙe na kawo maganarta, na yi mata ado da duk abin da na sani na al'ada. Alhaji ya saurara da ladabi, hannu a ƙirji, sannan ya ce, "Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Lasifika mun janye, ba za mu takura wa Inna ba. Amma Malam, jiya katanga kake tsoro, yau kuma kunyar Inna kake ji. Gobe me za mu ji?" Matasa suka kwashe da dariya. Ya zarge ni da ɓuya a bayan tsohuwa don in tsira da benci, ni kuma na zarge shi da hawa kafaɗar mamaci don ya hango kujera. Ina jin a ranar babu wanda ya yi wa wani ƙarya. Mai unguwa ya duba fuskoki, ya ce masu so sun fi yawa, aka shafa fatiha.

An yi bikin buɗewa da ganguna da 'yan kokawa daga ƙauyuka har Kangire. Mutanen Basirka sun dawo da bas ɗinsu, sun zauna a sahun gaba, sun ci abinci sosai, wanda na ɗauka alama ce ta an sasanta da su ta bayan fage. Aka yaye ƙyalle, allo ya bayyana da sunan marigayi da manyan baƙaƙe, yana fuskantar zauren Inna daidai. Ƙofarta a rufe take ranar, ba a sayar da daddawa ba.

Ranar kasuwar Sara ta gaba ina kan benci, ina gadin katangar da ba a fara ba, sai na hango ta tafe a ƙasa daga wajen injin niƙa, da ƙullin kalwa a ka. Tsakanin injin da gidanta tafiya ce mai ɗan nisa ga mai shekarunta. Nan ta ce wa ɗan acaɓa ya sauke ta, don shi injin niƙa ba ɗan kowa ba ne. Ta wuce ta gaban allon ba ta ɗaga kai ba. Mako na gaba ma haka, da wanda ya biyo shi.

Ban san wane ne ya fara a cikin 'yan acaɓa ba. Magidanta ne akasarinsu, kowa da uwarsa a gida. Wata rana dai na ga babur ya tsaya da ita har bakin zaure, mai babur ɗin ya sauke mata kaya. Na kira shi na tambaye shi me ta ce masa a tasha.

Ya ce, "Ba ta ce komai ba, Malam. Ni na ce, Inna, ƙofa? Ta ce ƙofa."

Na tambaye shi ko wani ne ya sa su. Ya dube ni kamar yadda nake duban ɗalibin da ya zo aji ba fensir, ya tada babur ɗinsa.

Daga baya na gane abin ya yi musu daɗi ta wata fuskar. Da ma sun gaji da fasinjan da zai ɓata rai in an kira sabon suna, da wanda zai yi wa'azi in an kira tsohon. Suka samu na uku wanda ba ya cizon kowa. Daga tasha ya shiga bakin mai shayi, ya ajiye nuni da ludayi. Daga nan ya shiga bakin mata, waɗanda da yawansu miji ko suruki ko ɗan fari yana da suna irin na marigayin, abin da babu wanda ya tuna da shi a duk tarukan da maza suka yi. Malamin gona yana nan a kan bakansa cewa tsohuwar ta tsara abinta tun farko. Ni ban kai nan ba, amma ban cire ta daga zargi gaba ɗaya ba.

Katanga har yau ba a yi ba, ko da yake na ga an sauke yashi a kusa, kuma ina sa ido. Alhaji yana nan yana halartar jana'iza. Allon yana tsaye da sunan marigayi, awaki na kwana a inuwarsa. Ni kaɗai na rage ina cewa Filin Ɗorawa, kuma ran nan da na faɗa wa wani ɗan acaɓa haka a tasha, sai ya juya ya tambayi na kusa da shi ina ne.

Aka ce masa Ƙofar Inna.