Wasiƙar da Inna ta ɓoye

Inna ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma ta san rubutuna kamar yadda ta san tafiyata. Haruffana kwance suke, masu dogayen wutsiyoyi. In wasiƙa ta isa ƙauyenmu da ke bayan Kelle, sai ta duba ta ga hannuna ne, sannan ta kai wa malamin lakwal ya karanta mata.

Shekarar da aka kawo mana ordinata, wato kwamfuta, a biro, ofishinmu na Gure, ni ne sakatare, kaina kuwa ya kumbura. Akwai wani salon rubutu a ciki da na mace a kansa. Harafin O zagaye kamar bakin kofin shayi, sauran a miƙe, kauri ɗaya, ba wutsiya ba ƙawa. Daga bakin ƙofa kana iya karanta shi. Shugabanmu ya ce wannan shi ne rubutun wayayyu, ni kuma uban 'yan wayewa na hau na zauna.

A lokacin yanar ido ta fara rufe idon Inna. Sai muka ji likitocin ido za su zo Gure su yi mako guda suna aiki. Waya ba ta kai ƙauyenmu ba tukuna. Na buga mata wasiƙa da haruffan nan, cewa ta biyo motar kasuwa ta zo. Har sunana inji ne ya rubuta. Na sa a ambulan ɗin biro na ba direba, shi kuma ya bar ta hannun wani mai tebur.

Mako ya ƙare ba ta zo ba. Na tafi ƙauye da fushina, na tarar da wasiƙar a ƙasan kwallarta, cikin takardun haraji.

Na ce, "Inna, me ya hana ki kai a karanta?"

Ta ce, "Na kai ta rana na duba, ban ga hannunka ba. Na ce ta gwamnati ce, ko korarka aka yi, ko wani abu ya same ka. Ban so in ji a bakin mutane."

Har yau ina jin haushin kaina, kuma ban ga ranar hucewa ba. Kafin likitocin su sake zagayowa ta rasu. Shekara biyun ƙarshe, in na je gaishe ta, sai ta shafa fuskata kafin ta yarda ni ne.